Tukunyar da Ta Tafasa Ba Wuta

Kwana biyu na yi a Gummi ina kallon Gwaggo Asabe tana haɗa sabulu, na dawo Bukkuyum ina jin kaina malama. Ta ja mini kunne cewa a roba kaɗai ake jiƙa soda. Ni kuwa na yi nazari irin na manya: yaya za a yi roba ta fi ƙarfe juriya? Sai na ɗauko tukunyar sanholo ta Inna, wadda ake tuwon suna da ita.

Na zuba ruwa, na zuba soda. Jama'a, sai tukunya ta kama tafasa a tsakar gida, ba murhu, ba itace! Tururi na tashi, ruwa na rawa, ƙarfe na kuka. Maimakon in gudu, sai na leƙa katanga na kira maƙwabta su zo su ga ilimi. Suka tsaya daga nesa suna salati, ni kuma ina bayani.

Ina cikin bayanin baƙin ruwa ya fara tsiyaya ta gindin tukunya.

Inna ta jira ta huce, ta ɗauraye ta, ta ɗaga ta sama. Rana ta ɓullo ta cikin huda bakwai.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ɗiyata ta tahi koyon sabulu, ta dawo maƙeriya. Ta yi muna madambaci."

Har yau, duk ranar da itace ya ƙare a unguwarmu, ni ake aiko wa.