Rasuwar Injin Zartona a Bakin Turmin Iya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika rabinta, kunya ta cika ragowar, ni Hajiya Jannatu Ya'u, tsohuwar shugabar makarantar firamare a Sule Tankarkar, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ɗan injin zartona, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa, a hannuna. In za a faɗi gaskiya, da hannuna.

Marigayin ya zo gidan nan ne daga Maigatari shekarar da na yi ritaya, ya riga ya sha aiki a wani gida can wajen Damagaram. Zartonsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka, ni kuma ina juya allon katako a gabansa yana bin zanen fensir. Da haka muke fitar da giwa ko zakara, mu yanka ta gunduwa-gunduwa, yara su wargaza su sake haɗawa. Mai haƙuri ne, mai ƙaramar murya. In yana cikin lafiya, cik-cik-cik kawai yake cewa, kamar keken ɗinki mai ladabi. Bai taɓa cizon yatsana ba, duk da na ba shi dama ba sau ɗaya ba. Wutar solar da ba ta isa ta riƙe firji ba, shi ta ishe shi, bai taɓa ƙorafi ba.

Ya rasu ya bar akuyoyi da jimina da kada a makarantun Ɗanzomo da Gagarawa Tasha, yawancinsu babu wutsiya, domin yara sun fi son wutsiya a aljihu. Ya bar gwangwanin zartuna sababbi, marayu. Ya bar raƙumi guda wanda bai gama haifa ba.

Ga yadda jinyar ta kasance. Yayata Ummukulthum ta samu shanyewar ɓarin jiki bayan ƙaramar sallah, hannun hagu ya kwanta. Likita a Gumel ya ce ta riƙa ɗaukar ƙananan abubuwa tana ajiyewa, in ba haka ba yatsun za su sandare, ba za su dawo ba. Na kai mata zomo na katako. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Jannatu, ciwo na yi, ba yarinta na koma ba. Kuma wannan abin naki ko nauyinsa ba na ji, kamar ɓawon gyaɗa.” Ta ture shi da hannun dama. Na hagun yana kan cinyarta, kullum ƙara lanƙwashewa yake.

Sai na tuna da turmin mahaifiyarmu, Iya, wanda ya tsage tuntuni yake jingine a bayan rumbun Yaya. Na icen ƙirya ne, mai tauri da nauyi. Na ce a raina wannan dole yatsunta su san sun ɗauki abu, kuma abin da ya fito daga hannun Iya ba za ta iya ture shi ba. Na sa aka ɗauko shi tana barcin rana, ban tambaye ta ba, don na san amsar. Kafinta ya tsaga mini shi ya fitar da allo, na zana raƙumi a kai.

Matan unguwa sun ce, “Hajiya, turmin gado ba a tsaga shi, wani abu zai mutu a gidan.” Na ce camfi ne. Har yau ina nan a kan bakana: camfi ne, kuma duk wadda ta zo gaisuwa da niyyar ce mini ai sun faɗa, ta ajiye maganar tare da takalminta a bakin ƙofa. Ba turmi ne ya kashe injin ba. Ni ce.

Domin ya yi mini magana. A ƙafar raƙumi ta farko muryarsa ta koma gir-gir. A ta biyu ya tsinke zarto, na sa wani. A ta uku ya fara tari, jikinsa ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Na ji ƙauri, na ce waken maƙwabta ne ya kama. Na san ba wake ba ne. Ina so in kai mata raƙumin kafin la'asar, sai na ƙara danna allon. Ya ce hmmm, doguwa, irin ta dattijon da ya gaji da gardama, hayaƙi ya fito ta bayansa, ya yi shiru. Shekara da shekaru ina gaya wa malamai kada su tura yaro fiye da ƙarfinsa.

Yanzu babu inji, babu turmi. Akwai raƙumi mai ƙafa uku, kansa har yanzu yana cikin allo, gefensa duk ƙuna. Yaya kuwa ba ta sani ba.

Za a yi masa sutura da tsohon zanena ranar Asabar, a kwantar da shi a ƙarƙashin gadona. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ba za a auna shi a sikeli ba. Zaman makoki a ɗakin Yaya Ummukulthum ne, bayan la'asar, domin a nan zan ajiye raƙumin a kan cinyarta in gaya mata daga inda ya fito, kuma ina bukatar mutane. Na san yayata, jifana za ta yi da shi. In ta ɗauka da hannun dama, don Allah a riƙe ta. In kuwa da na hagu ta ɗauka, kada wanda ya shiga tsakani.