Babba Ne Ke Fara Ɗiba

Duk faɗin Lahore babu mai tarbiyya kamar Shafkat Cheema, shugaban sashen na'urori na kamfaninmu na saƙa. In kana shakka ka tambaye shi, zai tabbatar maka. Mu dai Sarkin Wayoyi muke ce masa, a bayan idonsa.

Mutum ne mai son tsari. In an kawo shinkafar biryani ofis ranar Juma'a, ko yunwa za ta kashe ka, ba ka isa ka taɓa cokali ba sai Cheema Sahib, wato Yallaɓai Cheema, ya ɗiba, ya tauna, ya gyaɗa kai. Sau da yawa sai ta huce muke ci.

A ɗakin na'urori mai sanyi akwai akwatunan raba layin tarho da intanet da aka jera, wani kan wani, an haɗa su da waya suna aiki tamkar guda, na sama yana jagora. A kan na saman nan Sahib ya jona ofishinsa shi kaɗai. Layin Madam Farzana Lodhi kuwa, wadda suke neman kujerar darakta tare, ya tura shi na can ƙasa, kusa da tsintsiya.

Sai lokacin sabunta manhajar akwatunan ya zo. Takardar masu ƙera su ta ce a ɗora wa duka a lokaci guda. Sahib ya karanta, ya yi tsaki.

"Kun ga rashin kunyar Turawa? Babba da yaro su sa hannu a kwano tare? A gidan uban wa? Na sama zai fara. Sauran su jira mako mai zuwa, su koyi ladabi."

"Wallahi Sahib, ko masu ƙera ta ba su kai ka fahimtarta ba," in ji Naveed, mataimakinsa, wanda bai taɓa jin wata magana ta Sahib da ba hikima ba.

Ya zaɓi ranar da mai kamfani zai kira daga Dubai ya yanke maganar kujera, don ya yi wa mai kamfanin albishir ɗin sabuwar manhaja da bakinsa. Aka sayo alewar laddu, aka tara mu. Sahib ya gyara gashin baki, ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, muka tafa.

Akwatin sama ya mutu don ya farfaɗo da sabuwar manhaja. Na ƙasa da suka ga babu jagora, ba su tsaya zaman makoki ba, nan take suka naɗa wani a cikinsu. Da tsohon jagora ya dawo cikin sabuwar rigarsa, suka ga manhajarsa ta bambanta da tasu, suka ƙi karɓarsa. Ya zauna a sama shi kaɗai yana ƙyafta jar fitila.

Abin da ya fi yi mini daɗi, babu wanda aikinsa ya tsaya. Ofishi ɗaya tak ya mutu a ginin.

"Naveed! Wane ɗan iska ne ya taɓa mini layi?"

"Kai ne, Sahib. Har mun tafa."

Mai kamfani ya kira, ya sake kira, shiru. Da ya gaji ya nemi Madam Farzana, layinta na kusa da tsintsiya ya shiga garau. Suka daɗe suna magana.

Juma'ar da ta biyo aka kawo biryani. Cheema Sahib ya miƙa hannu kamar kullum, sai Naveed ya riƙe masa hannun riga a hankali.

"Haƙuri, Cheema bhai, ɗan'uwana. Darakta ba ta ɗiba ba tukuna."