Rasuwar Mai Usur, Tukunyar da Aka Yi wa Faci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da gajiya, Mai Guga ta ɗakin ƙarshe kusa da famfo take sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar tukunyarta mai dafa abinci da matsin tururi, wadda aka fi sani da Mai Usur. Ta cika ranar Talata da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a bakin aikinta, da wake a cikinta. Shekararta tara a gidan, ban da waɗanda ta yi a hannun mai ita na farko, don ba sabuwa aka sayo ta ba.

Wanda bai san gidan ba zai ce ai tukunya ce kawai. To, ga yadda abin yake. Mai Guga tana tsaye a shagon wanki tun bakwai na safe, hutun rana kuwa awa ɗaya ne cif, mai shagon ba ya ƙara ko minti. A cikin awar nan take zuwa gida ta ɗora girki, ta ciyar da Inna, mahaifiyarta, wadda ba a ba ta maganin rana sai da abinci a ciki, ta rufe wa 'yan matanta biyu nasu kafin su taso daga makaranta, sannan ta koma. Wake ne abin da aljihu ya yarda da shi, shi kuwa wake ba ya sauri don kowa. Marigayiya ce kaɗai ta san maganin taurin kansa. Minti ashirin, sai ya yi laushi kamar ba shi ba.

An shaide ta da rufin asiri. Ba ta taɓa tambayar ina nama ba. A ba ta wake, rabin albasa da cokalin mai, ta fito da abin da yara za su suɗe hannu. Ran da aka samu ƙashi, takan matse shi har sai ya ba da duk abin da ya ɓoye. Albarkacinta ne gas yake ganin ƙarshen wata. Ba a ce ba ta da aibu ba: hannunta ɗaya a ɗaure yake da waya, kuma ba ta son a buɗe ta cikin fushi. Amma wa ke so?

Maƙwabta za su tuna muryarta. "Tsss, tsss, fiiit!" Sau uku, ba ƙari. Abin da ba su sani ba shi ne, daga rufe murfi zuwa usur na uku babu juyawa, babu ƙarin ruwa, babu leƙe. Sai Mai Guga ta jawo 'yar kujera, ta jingina da bango, ta tsoma ƙafafu a robar ruwan sanyi, ta lumshe ido. Daga asuba zuwa kwanciya, wannan ne kaɗai zamanta. Shekara tara babu wanda ya taɓa ce mata zauna ki huta, sai wannan tukunya.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Robar murfi ce ta saki, tururi ya fara tsiyaya ta gefe. Maigidan, Mai Faci, mutumin kirki ne, Allah Ya sani. Shekara ashirin yana kasa kunne a jikin taya, duk inda iska ke fita a wurinsa ciwo ne. Ranar Litinin da yamma ya saci jiki ya tafi da murfin zuwa rumfarsa ta facin taya, wai zai yi wa matarsa bazata. Robar kam ya gyara ta, ba laifi. Sai kuma ya juya murfin ya hangi ƙofofi biyu, ta hancin usur da wata 'yar ƙarama a gefe, har haske na ratsa su. Ya girgiza kai don tausayin yadda baiwar Allah ta daɗe tana girki da abu a huje. Ya kankare, ya shafa sholisho, gam ɗin faci, ya liƙe su ta ciki, ya tsoma a ruwa bai ga kumfa ko ɗaya ba. Bai taɓa yin faci mai kyan wannan ba. Ya mayar da murfin mazauninsa a ɓoye, yana jiran yabo.

Washegari Mai Guga ta shigo a guje, ta zuba, ta rufe, ta zauna. Wa ke da lokacin duba ƙarƙashin murfi? Usur bai zo ba. Gaskiya ta ji shirun, kuma gaskiya ya yi mata daɗi, har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce, "Gum!"

An gode Allah ba wanda ya ji rauni. Inna ta sha maganinta da gayan burodi. Mai Guga ta makara da rabin awa, mai shagon kuma ya gaya mata a gaban kowa cewa in ta sake, dutsen gugar zai koma hannun wata.

Marigayiya ta rasu ta bar ludayi ɗaya, da murfi a lanƙwashe, da wake a jikin silin wanda tsintsiya ba ta kai ba. Ta bar ƙanwarta, tukunyar dalma, wadda ba ta san sauri ba, kuma da an juya mata baya take kamawa. Ta bar Mai Faci, wanda tun ranar yake cin abinci kai a sunkuye. Mai Guga ba ta yi masa faɗa ba. Faɗa ma sai da ƙarfi.

Game da jana'iza, iyalan sun yanke cewa ba za a miƙa gawar ga masu sayen tsohon ƙarfe ba. Gangar jikin za ta zauna a ƙarƙashin tebur, a riƙa jiƙa wake a ciki tun asuba. Murfin kuma Mai Faci ya roƙa a bar masa, zai rataye a rumfa. Masu shawarar a jefa wa waken kanwa don ya yi saurin laushi, an sani, an gode. Masu zuwa ta'aziyya su zo da abincinsu a ciki.

Za a karɓi gaisuwa kullum daga ɗaya da minti goma zuwa ɗaya da rabi, a bakin murhu, inda za a tarar da Mai Guga da ludayi a hannu. Duk wanda ya riga zuwa ya ɗauki 'yar kujerar ya zauna. Babu mai amfani da ita yanzu.