Rasuwar Kunnuwan Wandon Malam Hamidu

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, da hannu ɗaya dafe da ƙugu, Malam Hamidu Sahabi, malamin gona na Batsari, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'yan maɗaurai biyu na gefen wandonsa mai ruwan toka, waɗanda mutanen garin nan suka fi sani da Kunnuwa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce, a filin nunin amfanin gona na Safana, da rana tsaka, a idon jama'a.

Ga wanda bai taɓa ganin mamatan ba, wasu 'yan guntayen ƙyalle ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, kowanne da ɗan ƙarfensa mai ƙyalli. In an ja su wando ya kama ƙugu, in an sassauta mutum ya sami numfashi. Ba mazagi, ba bel. An haife su a Sabon Garin Zariya shekarar da aka sami 'yancin kai, a hannun wani tela mai tabarau, lokacin Malam Hamidu yana ɗalibi a makarantar aikin gona, siriri kamar karan dawa.

Ranar da ya sauka daga motar kasuwa a Batsari, shat ɗinsa cushe cikin wando, dattawan bakin masallaci suka bi shi da kallo. Baba Daudu mai gishiri ya taso, ya zagaya shi, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Ɗan nan, me ke riƙe da wandon nan? Ina mazaginka?"

Hamidu ya kai hannu ƙugu. Ya sa yatsa ya ja na dama, ya yi ɗan kukansa, siit, ƙarfen ya amsa, ƙyas. Baba Daudu ya ja da baya ya ce, "Wando da kunnuwa!" Sunan ya bi su har ƙarshen rayuwarsu.

Mamatan sun kasance masu haƙuri da rufin asiri. Sun raka maigidansu ƙauyukan Yasore da Karare a kan keke, ya koya wa manoma zuba takin zamani, ya durƙusa ya miƙe cikin kunyar gyaɗa, ba su taɓa sakinsa ba. Da azumi su matso, da kaka su ba da wuri, ba wanda ya ji bakinsu. A ƙasar Batsari da Safana kaf ba su da na biyu, kuma da an bar su, da haka za su mutu.

Ba a bar su ba. Malam Hamidu yana da taubashi a Safana, Lado ɗan kawunsa, shi ma malamin gona. Tare suka tashi, kuma tun suna ƙanana Lado bai taɓa ganin abu a hannun Hamidu ya bar shi ya more ba. Wata rana ya zo ya ce zai je Katsina ɗaukar hoto, a ara masa wandon. Hamidu ya ba shi, saboda zumunci. Wandon bai ga Katsina ba sai da ya kwana a shagon Mani tela a Safana, aka juya cikinsa, aka auna shi gaba da baya. Sallar da ta biyo baya sai ga Lado a filin Idi da nasa wandon, ruwan toka, da kunnuwa biyu.

Malam Hamidu yana so a sani cewa ƙarafunan waɗancan kunnuwa daga tsohon sandal ɗin makaranta aka cire su, kuma na hagu ya fi na dama tsawo. Ya faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Har yau bai manta ba, da suka dawo gida daga Idin, matarsa A'isha tana zuba masa miya ta ce, "Malam, ai na Lado ma ya zauna masa daram." Ranar bai ƙara tuwo ba.

Ciwon ajali ya faro ne a hankali. Da arzikin mai ya shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, keke ya koma babur, tsire ya daina jiran ranar kasuwa. Ciki ya fara gaba. Kowace shekara Malam Hamidu sai ya sassauta wa mamatan kaɗan, har suka kai maƙura, ba sauran ƙyallen da za a saki. Siit ɗin nan mai daɗi ya ɓace. In ya zauna sai a ji suna nishi ƙasa-ƙasa, ƙiiƙ, kamar tsohuwar ƙofa. A'isha ta ba da shawara a kai wa Mani ya ƙara yadi a baya. Malam ya ce ya gwammace ya daina numfashi da hannun Mani ya sake taɓa su.

A nan akwai abin da masu makoki ya kamata su duba da idon basira. Duk tsawon shekarun nan, ba ranar kasuwar Batsari da Kulu matar Lado ba ta aiko da akushin dambu yana iyo cikin man shanu ba, wai a gai da Malam. Shi kuwa Lado, da aka yi wa ƙarin albashi iri ɗaya, yake cin abin da ya fi wannan, yana nan kamar sandar makiyayi. Har gobe kunnuwansa a matse suke, da sauran jela tana lilo. Malam Hamidu bai zargi kowa ba. Ya dai ce a duba.

Ranar Talata manyan baƙi suka zo daga Kaduna kallon nunin amfanin gona, kuma kowa ya san a cikin malaman gonar nan biyu za su zaɓi wanda zai riƙe sabuwar cibiyar noma, da mota da direba. Malam Hamidu ne babba a aiki, shi aka fara kira. Ya yi bayanin sabon irin gero da Hausa da Turanci, baƙi suna gyaɗa kai. Sai ya sunkuya ya ɗaga dami guda sama da hannu biyu don su ga tsawon zangarniya.

Na dama ne ya fara cikawa. Ɗas! Ƙarfensa ya yi tsalle ya faɗa cikin tarin gyaɗa, ba a sake ganinsa ba. Na hagu ya riƙe shi kaɗai na ɗan lokaci, iya ƙarfinsa, har Malam ya ji shi yana rawa a jikinsa. Sannan ya yi kalmarsa ta ƙarshe, fyaat, ya bi ɗan'uwansa. Wando ya gangara zuwa gwiwa. Dami yana sama, hannu biyu suna ƙarƙashinsa, tsawon shat kawai ya rage tsakanin Malam da mutanen Safana.

Kafin dariya ta gama tashi Lado ya yi wuf ya sha gabansa da tabarma. Ya karɓi damin, ya zare igiyar ramar da aka ɗaure shi da ita, ya miƙa ta baya yana raɗa, "Ɗaura, Hamidu, ɗaura, na tare ka." Ya juya ga baƙi, ya ɗora bayani daga inda aka tsaya, da kalmomin Malam Hamidu, yana tsaye ɗamau, kunnuwansa suna ƙyalli a rana. Babban baƙon ya ce irin mai hanzarin nan suke nema. Jiya aka ga Lado a gidan gaba na motar.

Mutane suna ta cewa Lado ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma Malam Hamidu bai musa ba. Abin da yake tambaya kawai, yaya aka yi tabarma take kusa da hannunsa haka?

Mamatan sun bar wando guda, wanda yanzu ba ya iya tsayuwa da kansa, da aljihu biyu, da maɓallan gaba waɗanda su ma jikinsu ba daɗi, da ƙarfen hagu da aka samu a raye. Ba su bar ɗan'uwa ko ɗaya a Safana ba, ko da wani ya yi iƙirarin dangantaka.

Za a yi musu sutura ranar Asabar da hantsi a gidan Malam Hamidu da ke bayan kasuwa. A'isha ce za ta warware ɗinkin da reza, a naɗe su cikin farin ƙyalle. Wandon za a kai shi Katsina a yi masa gidan mazagi. Za a karɓi gaisuwa a zaure har la'asar, kuma ana roƙon masu zuwa su shigo da babbar riga.

A ƙarshe, Lado ya aiko direbansa da ta'aziyya, tare da roƙon in ba za a yi amfani da ƙarfen hagu ba a ba shi, don nasa ɗaya ya fara tsatsa. Malam Hamidu ya gode da ta'aziyyar. Ƙarfen kuwa shi da kansa zai binne shi a gonarsa ta Karare, shi kaɗai, kuma ba za a sa alama a wurin ba.