Gwajin Hanta a Walimar Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanina Sabi'u ba.

Kafin bikin mun yi rashin Baffa Iliya, ƙanin mahaifinmu. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe, sai da abu ya gagara muka kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce kansar hanta ce. Ya zaunar da ni ya yi min bayani: ciwon hanta ne ya daɗe yana cin Baffa a ɓoye, kuma da ana duba jininsa lokaci-lokaci, da wataƙila an ga alamun kumburin hantar tun abin bai rikiɗe ba. Ya ce cutar takan zaga cikin gida ɗaya, don haka a gwada kowa.

Na dawo ƙauye na yi ta faɗa, ba wanda ya kula ni. Damina ce, kowa yana gona. Baba ma cewa ya yi shi lafiyarsa ƙalau, ba mai zuƙe masa jini. Na ƙudura a raina ba za mu sake binne wani a kan wannan ciwo ba. Da biki ya zo bayan kaka, dangi duk sun hallara, sai na roƙi abokina Nura, mai aikin gwajin jini a Bichi, ya zo da kayansa.

Ana gama cin tuwo na miƙe a ƙofar gida, shadda tana ta ƙyalli (ni malamin firamare ne, ba a raba mu da jawabi). Na yi bayanin hanta, na yi na kumburi, sannan na rufe da cika baki.

"Jama'a, ɗan jini ne kawai. Ai sai ƙaramin yaro ke tsoron wannan allura. Ku kalle ni!"

Na naɗe hannun riga, a tsaye, don na baya ma su gani. Nura ya ce, "Malam, ka zauna mana." Na ce ba buƙata. Ya soka, na leƙa na ga jinina yana hawa sirinji.

Iyakar abin da na tuna ke nan.

Na farfaɗo a kan tabarma, hulata a cikin kwanon miya, Liman yana tofa min addu'a. Inna ta fito daga cikin gida ba ko takalmi, tana yi min fifita da faifai tana salati. Dangin amarya kuwa dariya har da riƙe ciki.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma na tuna Baffa. Na tashi zaune, na miƙa ɗaya hannun, na juya fuskata bango.

"Nura, sake ɗiba."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ja tsaki ya tuɓe babbar riga.

"Matsa can, in nuna maka yadda maza suke yi."

Shi ke nan fa, layi ya kafu. Kowa yana so a ga ya fi ni jarumta, har matan cikin gida suka aiko a shigar musu da Nura.

Da sakamako ya fito, Baba lafiya lau, ni ma haka. Amma an sami cutar a jikin ango. Yanzu Sabi'u yana zuwa asibiti ana duba jininsa a kai a kai, matarsa kuma an yi mata rigakafi.

Darasin da na koya? In za ka nuna wa mutane jarumta a gaban allura, ka fara neman kujera, ka kuma matsar da kwanon miya.