Ranar da Na Ɗaure Jirgin Baban Ummi

Tun da na haihu nake yawan mantuwa, har gishiri nakan manta a miya, amma ba na jin zan taɓa manta ranar da aka ɗora wa kwalekwalen Baban Ummi inji. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta shigo aron rariya, da za ta fita sai ta ce in gaida maigidan, idan na kwance shi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, can ta bayan Bunkure. Daga katangarmu sai fadama, gonar shinkafar Baban Ummi kuma tana tsallake. A damunar da nake ba ku labari ruwa ya yi yawa, ya kwanta a fadamar ya ƙi tafiya. Babur ba ya shiga, amalanke ba ta shiga, mutum kuma idan ya ɗora buhun taki a ka sai taɓo ya riƙe masa ƙafa. Ga shinkafa ta fara yin rawaya tana neman taki. Kullum da yamma zai dawo ya zauna a bakin ƙofa, ni kuma in yi ta kallonsa ina jijjiga 'yarmu Ummi.

Wata rana sai ga shi da kwalekwale a bayan a-kori-kura, wai a wajen wani masunci ya saya can wajen Tiga. Na alminiyon ne, irin ƙarfen tukunya, mutum biyu suka sauke shi kamar faranti. Na ƙwanƙwasa shi da yatsa na ji ƙarar da ya yi, na ja da baya. Ni 'yar tudu ce, a garinmu ruwan da ya fi kowane zurfi shi ne na rijiya. Kuma na san abin da mutanen gari ba su sani ba: Baban Ummi bai iya ruwa ba. Shi da bakinsa ya gaya min muna amarci, yana dariya. Ni ban yi dariya ba, ajiye maganar na yi.

Da farko da gora ya so ya riƙa tura shi, amma gorar sai ta kafe a taɓo, shi ya wuce ya bar ta. Shi ne aka ba shi shawara ya kira Bulus mai walda daga Kura. Bulus mutumin Filato ne, amma ya daɗe a nan, kusan duk injin ban ruwan da ke yankin ya taɓa shiga hannunsa. Ya zo da wani dogon bututun ƙarfe ɗaure a gefen babur, ya fi tsayin mutum nesa, da 'yar farfela mai kunne biyu a ƙarshensa. Ya ce wannan ita ce jelar. Injin kuwa namu ne na ban ruwa, wanda muke noman rani da shi, za a cire masa kan famfon a haɗa shi da jelar.

A bakin ruwan bayan gida suka yi aikin, ni kuma ina leƙe ta inda katanga ta tsage, da sunan ina tsince shinkafa. (Shinkafar ranar da tsakuwarta muka ci.) Babu abin da ya wuce ni. Na ji Bulus yana cewa waldarsa ba ta kama alminiyon, don haka sai dai a huda a ɗaure da noti. Na ga ya danna bayan jirgin da tafin hannu ya lotsa, ya girgiza kai ya ce wannan ba zai ɗauki inji ba sai an yi masa katako ciki da waje. Suka yanka katako, suka matse shi da notina, sannan aka kafa wani ƙarfe mai juyawa a kai, aka ɗora injin. Suka yi ta matsar da shi gaba da baya, wai ana neman inda jela ba za ta nutse ba kuma ba za ta ɗaga sama ba. Da aka tura jirgin ruwa don a gani, sai bayansa ya zauna, hancinsa ya ɗaga kamar rago yana shinshina iska. Bulus ya sa aka cika buhu da yashi aka ajiye a gaba, sannan aka sake jawo bayan jirgin kan gaɓa.

Duk wannan na daure. Abin da ya karya ni shi ne bayanin da ya yi wa Baban Ummi a ƙarshe. Ya ce a tsaye ake tuƙa shi. Ya ce da an ja igiyar inji farfela ta fara juyawa ke nan, ba ta jiran kowa. Baban Ummi ya tambaye shi ina birki.

"Babu birki, maigida, babu ribas. In kana so ka tsaya, ka danne hannun nan jela ta fito daga ruwa, sai ka jira Allah ya tsayar da kai."

Suka yi dariya su biyun. Ni kuwa na dubi Ummi tana tsotsar yatsa, wata bakwai a duniya, na ga marainiya.

Na so in yi masa magana da ya shigo shan ruwa. Amma na san amsar, zai ce Allah na nan, kuma gaskiya ne, ba ni da abin cewa bayan wannan. Ga shi ya riga ya gaya wa rabin gari cewa bayan Azahar za a gwada. Sai kawai na miƙa masa kofi.

Da aka kira sallah maza suka tafi masallaci, Bulus ya tafi neman abinci a bakin titi, bakin ruwa ya zama babu kowa. A nan ne dabara ta zo min, kuma a lokacin wallahi gani nake babu mai hankali kamata. Akuyata idan ba na so ta yi nisa me nake yi mata? Na kwance igiyar guga, na kwance ta shanya, na haɗa su, na ƙara da wadda ake ɗaure buhuna. Ta yi tsayi sosai. A lissafina zai ɗan zaga nan kusa a hankali, idan abin ya kife sai a jawo shi kamar guga. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin gudu yake yi ba. Injin ban ruwa na sani, shi kuwa tun da nake ganinsa a zaune yake wuri ɗaya.

Na fita ta ƙofar baya da Ummi a goye. Na ɗaura baki ɗaya a kututturen dalbejiya da ke gaɓa, na tura sauran igiyar ƙarƙashin kainuwa. Ɗaya bakin kuma na nufi wani ɗan maɗauki da ke bayan jirgin ta ƙasa. Igiyar roba ce, maɗaukin kuma santsi, duk ƙullin da na yi sai ya zame. Ina jin liman ya kusa sallamewa. Sai na kwance majanyin da na tamke goyon da shi, na zura shi a maɗaukin, na yi masa ƙullin da na fi yarda da shi a duniya, wanda yake riƙe min 'yata kullum, na haɗa da igiyar. Na shafe shi da taɓo ya saje. Na koma gida ina riƙe da Ummi da hannu ɗaya ta baya.

Ban tsaya na tuna wane majanyi ne ba. Na saƙi ne, mai ratsin ja da baƙi, wanda Inna, mahaifiyar Baban Ummi, ta ba ni ranar suna a gaban mata.

Bayan sallah gaɓa ta cika. Manoma, masu babur, yara, har mai unguwa an kawo masa kujera. Mu mata muka tsaya daga jikin katanga, ni da Inna da Rabi ƙanwarsa, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Rabi ta dube ni ta ce yau kuma ina majanyi, na ce yana wanki. Aka tura jirgin, duk idanu suna kan inji, babu wanda ya dubi ƙasa. Baban Ummi ya hau ya tsaya, ya gyara hula. Bulus ya ja masa igiyar injin ya yi tsalle ya koma gefe.

Jela ta shiga ruwa, taɓo ya tashi sama, jirgin ya yi gaba da gudun da ban taɓa zato ba. Yara suka sa ihu. Ni kaɗai ba jirgin nake kallo ba. Kainuwa nake kallo, ina ganin igiyata tana warwarewa a ƙarƙashinta kamar maciji, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Na buɗe baki in ce ya tsaya, na tuna babu birki.

Sai igiyar ta miƙe ta fito daga ruwa tana ɗiga, daga kututture har jirgi, kowa ya gan ta. Jirgin ya yi wata irin fizga ya juya gefe. Baban Ummi ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, hula gaba, shi a baya, ya faɗa ruwa da faɗin cikinsa. Jelar ta karkata, farfela ta cafki majanyin ta nannaɗe shi, injin ya yi tari ya mutu.

Ban san lokacin da na danƙa wa Rabi yarinyar ba. Na ga kaina dai a cikin ruwa da hijabina, ina ihu iya ƙarfina: "Ku taimake shi, bai iya ruwa ba, wallahi bai iya ruwa ba!" Sirrin da mutum ya riƙe tun yana yaro a garin da kowane yaro a kanal ya koyi wanka, na raba wa gari kyauta.

Shi kuwa sai ya miƙe tsaye. Ruwan ko cibiyarsa bai kai ba. Ya tsaya yana share taɓo daga ido, kainuwa a kafaɗarsa, yana kallona.

(Abin da ya fi ba ni haushi, ni ce fa nake wanke masa wanduna. Kullum ina ganin inda taɓon yake tsayawa, daidai aljihu. Kuma na ji da kunnena Bulus yana cewa an yi irin wannan injin ne saboda ruwan da ba shi da zurfi. Duk na gani, duk na ji, tsoro bai bar ni na haɗa su wuri ɗaya ba.)

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila yara za a zarga. Amma Bulus ya shiga ruwa ya ɗaga jelar, ya yi ta warware abin da ya naɗe farfelar. Ya ɗauraye shi don ya ga ko mene ne, ya ɗaga sama. Ratsin ja da baƙi suka fito tas. Na ji idanun matan nan sun bar majanyin sun sauka a bayana.

Inna ce ta fara magana, kuma ba ta ɗaga murya ba. "Da shi na goye shi," in ji ta, "yau kuma da shi aka kayar da shi."

Nan dariya ta ɓarke, har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Rabi tana riƙe da 'yata tana cewa ita dai ta ji ana ɗaure miji da laya, ba ta taɓa ganin na igiyar guga ba sai a gidan yayanta. Na fito daga ruwan takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan yana can har yau, na bi jikin katanga na shige gida.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Noti ɗaya ya yage alminiyon, farfelar ta lanƙwashe, sai da Bulus ya koma da ita Kura. Taki ya ƙara kwanaki bai isa gona ba, kuma duk wanda ya ga shinkafar a kakar nan ya san ta ji jiki. Allah ya taimaka injin bai faɗa ruwa ba, da noman ranin ma ya tafi.

Da yammar ranar da abin ya faru Baban Ummi ya shigo ya zauna a inda ya saba. Na kawo abinci na ajiye, na koma nesa. Na shirya wa faɗa, har na fi son a yi shi a gama. Sai da ya ci ya yi nisa, sannan ya ce ai da na tambaye shi tukuna. Na ce da na tambaya cewa zai yi Allah na nan.

"To ai yana nan," ya ce. "Ruwan ne dai iya gwiwa da ɗan ƙari."

Ya ƙara loma, ya ce shi faɗuwar ba ta dame shi ba, manomi ya saba da taɓo. Amma maganar iyo ɗin nan, da na bar masa ita. Daga yau ko shayi ya je sha sai an ce a riƙe masa kofin kada ya nutse.

Ranar da Bulus ya dawo da farfelar, ya yi sallama ya ce a ba shi guntun igiyar nan. Na ɗauka tsokana ce, na ƙi fitowa. Sai ya yi magana daga zaure, ya ce, "Maman Ummi, igiyarki ba laifi. Dama ana ɗaure inji da jikin jirgi, ko da noti zai kwance kada ya faɗa ruwa. Da bishiya ne dai ba a ɗaurewa." Na miƙa ta ta hannun Rabi. Tana can har yanzu a jikin injin, kowa ya san ta.

Tsoron bai bar ni ba, kada in yi muku ƙarya. Duk safiyar da na ji ƙarar injin nan ya tashi, ina jikin tsagar katanga har sai ya ɓace a cikin ciyawa. Majanyin kuma Inna ta karɓe abinta, ta ce sai Ummi ta yi ƙani za ta duba ko na yi hankali. Abin da na koya dai ɗan kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi: kafin ki ceci mutum, fara tambayarsa inda ruwan yake kai masa. In kuma kin ƙi ji sai kin ɗaure, to ki nemi tsumman da babu wanda ya san mai shi.