Murabus ɗin Sarkin Kulki

Ina tsaye a ƙofar gidan da nake gadi a unguwar Al Aziziya ta birnin Doha, Mashud, abokin zamanmu, ya kira ni ya ce Baballe ya cika a asibiti. Na zauna a kan dakali na yi kuka har maigidan ya leƙo. Allah ya jiƙansa. Amma shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kuma wasan da muka gada tun kakanni bai yarda in yabe shi salin-alin ba. In na yi haka, cewa zai yi na raina shi.

To, Doha ta yi rashin babban masani. Baballe direba ne, amma ba a faɗa a gabansa. Ya taɓa tuƙa wani injiniya Ba'amurke, wanda ya riƙa ba shi 'yan katuna masu hoton ƙarti riƙe da kulki, 'yan wani wasa wai shi besbol. Bawan Allah rage shara yake yi. Baballe ya ɗauka naɗi ne. Muka sa masa Sarkin Kulki don tsokana, ya amsa da hannu biyu.

A ɗakinmu na unguwar Bin Omran babu mai gatan katunan nan. Akwatinsu ne a gaban na'urar sanyaya ɗaki, mu muna gefe muna tsiyayar gumi. Kafin ka taɓa ɗaya sai ka wanke hannu ya duba.

"Ku da ba ku wuce ƙwallon ƙafa ba," in ji shi, "wannan wasan masu tunani ne. Duk Hausawan Qatar ni kaɗai Allah ya ba fahimtarsa."

Ƙungiyarsa masu jar hula ce. Bayan asuba sai ya sa tasa jar hular, ya kunna waya, ya tsuke fuska yana gyaɗa kai kamar alƙali. In na ce, "Bakano, wai yaya ake cin wasan nan?" sai ya ce ba a yi wa Bazazzagi bayani bai karya ba. In na karya, ya ce na ƙoshi da yawa. Shekara da shekaru ina ɗana masa wannan tarko, bai taɓa faɗawa ba.

Da Ba'amurken ya koma ƙasarsu, katin ya daina zuwa. Sarki bai ce kyauta ta ƙare ba. Ya tara mu a kasuwar Souq Waqif, ya sha babbar riga, ya sa aka kawo shayi, ya miƙe.

"Jama'a, bayan dogon nazari, na yi murabus daga tara kati. Na ba matasa wuri. Khalas, shi ke nan. Amma ku kwantar da hankalinku, ina nan tare da ƙungiyata. Ba zan bar yaran nan cikin maraici ba."

Babu matashin da ke jiran wurin. Yaran kuwa suna can Amurka, ba su san an yi taron ba. Ya nemi magajin akwati, kowa ya duƙa kan shayinsa. Mashud ne kaɗai ya ce katunan za su yi daɗin fifita. Bai sake samun gaisuwar Sarki ba sai ranar Sallah.

Ana gobe zai rasu na je duba shi da la'asar. Ya rame ƙwarai, jar hular tana gefen matashi. Hannunsa ya kasa riƙe waya, sai ya turo mini.

"Duba mini, yarana sun ci?"

Na duba. "Ranka ya daɗe, lambobi ne jere kamar na motoci. Wanne ake kallo?"

Ya dubi bakin ƙofa. "Bazazzagi, tura ƙofar nan."

Na tura. Ya kama hannuna.

"Wallahi ban taɓa sani ba. In na ga masu jar hula suna rungumar juna, na san mun ci."

Na yi dariya har hawaye ya ɗiga a zanen gadonsa. Na ce, "Sarki, yau ka shiga hannu. Sai na gaya wa duk Doha, in ƙara da Zariya."

Ya lumshe ido. "Gaya musu mana. Wa zai yarda da Bazazzagi?"